Nice, cpulimit ko cgroups: wanne ya dace da manhajar da ke cinye maka kwamfuta?

A ƙananan ofisoshin 'yan'uwanmu masu hidimar umara da masu aika kago daga Jidda da Makka zuwa Kano, Yamai ko Maraɗi, abin da aka fi gani shi ne kwamfuta guda ɗaya tana ɗauke da aikin uku ko huɗu. Ita ce rumbun bayanan maniyyata, ita ce shafin da wakilai suke shiga daga Najeriya, ita ke karanta hotunan fasfo, kuma ita ke yin kwafin ajiya da daddare. Muddin aiki bai yi yawa ba, lafiya lau. Ramadan na kamawa sai lissafi ya sauya, domin kwafin da aka sa wa ƙarfe biyu na dare a kan cewa kowa ya kwanta, yanzu shi ne yake cin karo da lokacin da aka fi aiki, tsakanin tarawihi da sahur. Shafi ya yi nauyi, mai shigar da suna yana jira, alhaji yana tsaye a gaban tebur.

Hanyoyin taka wa manhaja burki suna da yawa, amma ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma yawancin ɓarnar da ake yi daga nan take tasowa. Wasu suna sa manhaja ta ba da hanya ne kawai idan wata ta fi ta gaggawa, kamar direban da ke matsawa gefe a titin Jidda zuwa Makka in motar asibiti ta taho, da ta wuce ya ci gaba da gudunsa. Wasu kuma kamar na'urar ƙayyade gudu suke, ko titi babu kowa ba za ka wuce abin da aka sa maka ba. Ra'ayinmu a taƙaice: ga furosesa, ba da hanya ya fi amfani a mafi yawan lokuta, ga RAM kuwa, iyaka mai ƙarfi ake bukata. Wanda ya juya su zai sha wahala.

Kafin ka taɓa komai, ka tabbatar da abin da ya ƙare. A Linux ka buɗe top, umarnin da ke nuna abin da ayyuka suke ci, ka dubi layin furosesa. Idan us ne ya yi sama, lissafi ne ya yi yawa. Idan wa ne, furosesa zaune yake yana jiran faifai, kuma duk iyakar da ka sa wa furosesa ba za ta canza komai ba. Idan st ne ya tashi a sabar haya, maƙwabtanka a kan injin kamfanin ne suke cin rabonka, wannan kuwa ba abin da za ka gyara daga ciki ba ne. Sai ka gudanar da vmstat 1 ka dubi si da so. In lambobin nan ba sa tsayawa a sifili, RAM ne ya cika har ana kwashe shi zuwa faifai. Kanel, wato zuciyar Linux, daga 4.20 zuwa sama yana da fayiloli uku a /proc/pressure, wato cpu, memory da io, waɗanda ke nuna kason lokacin da ayyuka suka ɓata suna jiran kowanne. Minti biyar a nan zai hana ka sayen maganin ciwon da ba ka da shi.

Mafi sauƙi: nice da ionice

Nice ya girmi Linux kansa. Kowane aiki yana da lamba daga -20 zuwa 19, kuma kowa daga 0 yake farawa. Lamba na ƙaruwa, rabon aikin na raguwa. Kanel yana mayar da lambar nan nauyi: 0 nauyinsa 1024, 10 nauyinsa 110, 19 kuwa 15 kacal. Saboda haka idan ayyuka biyu suna takara a kan ƙwayar furosesa ɗaya, wato core ɗaya, ɗaya a 0 ɗaya a 19, na biyun bai kai kashi 2 cikin ɗari zai samu ba. Amma da na farkon ya huta, na biyun zai kwashe ƙwayar gaba ɗaya. Ana rubuta nice -n 19 kafin umarnin, ko renice -n 19 -p da lambar aikin idan ya riga ya tashi. Ƙara lamba kowa zai iya a kan aikinsa, rage ta sai mai ikon root, wato shugaban injin.

Alherinsa shi ne ba ya ɓata ko daƙiƙa ɗaya ta furosesa, kuma ba ya karya manhaja. Inda yake ba mutane kunya wuri biyu ne. Na farko, bai san RAM ba sam, fanka kuma za ta ci gaba da ihu domin furosesa yana nan a kashi 100. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Idan aka kunna autogroup, saitin da ke haɗa ayyukan kowace taga a rukuni ɗaya, kamar yadda yake a Linux na tebur da yawa, ko kuma systemd, mai tayar da hidimomi a Linux, ya raba ayyuka rukuni rukuni da ikon furosesa, to lambar nice tana aiki ne tsakanin 'yan rukuni ɗaya kawai. Aikin da ka ba 19 a tagarka ta SSH yana iya ci gaba da takara da MariaDB, wato rumbun bayanan, kafaɗa da kafaɗa, domin ba gida ɗaya suke ba. Ka duba /proc/sys/kernel/sched_autogroup_enabled, in ka ga 1 to a kunne yake.

Ionice ɗan'uwansa ne na ɓangaren faifai. Da ionice -c 3 aiki zai jira sai faifai ya sarara. Sai dai ya dogara da mai tsara layin faifan. Ka karanta /sys/block/sda/queue/scheduler. Da bfq yana aiki sosai, da none kuwa, wanda shi ne aka saba gani a faifan NVMe, babu wanda ke sauraron sa.

Cpulimit: na gaggawa ne, ba na dindindin ba

Wannan shi ne wanda mutane suka fi fara cin karo da shi, saboda sunansa da sauƙinsa: cpulimit -p 4321 -l 50, shi ke nan, aiki ya sauka zuwa rabin ƙwaya ɗaya. Lissafin a kan ƙwaya ɗaya yake, don haka a injin mai ƙwaya 4 iyakar ita ce 400. Ya kamata a san yadda yake yin abin. Ba kanel yake roƙo ya rage rabo ba. Saƙon SIGSTOP yake aika wa aikin ya daskare, bayan ɗan lokaci ya aika SIGCONT ya farka, haka yake ta maimaitawa yana auna matsakaici.

Ga aikin da ba ya magana da kowa, kamar matse bidiyon wa'azi ko dunƙule manyan fayiloli, wannan ba laifi. Ga rumbun bayanai kuwa haɗari ne, domin ana iya daskarar da shi a daidai lokacin da yake riƙe da makullin tebur, duk masu jira su tsaya cak. Idan kuma aka kashe cpulimit ɗin da kill -9 alhali aikin yana daskare, haka zai zauna har abada da alamar T a top, sai ka tashe shi da kill -CONT. Ga matsalar 'ya'ya: manhajar da ke haifar ƙananan ayyuka tana kuɓucewa sai an ƙara zaɓin bin su, kuma zaɓin ya bambanta tsakanin nau'o'in cpulimit biyu da ke yawo, ɗaya -m ɗaya -i, don haka ka karanta man cpulimit na injinka. A ganinmu wurinsa ɗaya ne: aiki ya riga ya tashi, ya yi nisa, ba ka son kashe shi, kana so ya lafa yanzun nan.

Taskset da ulimit

Taskset yana ɗaure aiki a kan wasu ƙwayoyi. Da taskset -c 2,3 aikin ba zai taɓa 0 da 1 ba. Iyaka ce mai tsabta, babu daskarewa, amma mai kauri ce: a injin mai ƙwaya 4 zaɓinka kashi 25, 50 ko 75 ne, kuma ba ya hana wasu ayyukan shigowa waɗannan ƙwayoyin. Ka duba lscpu -e tukuna, domin a furosesa mai zare biyu, wato thread biyu, a kowace ƙwaya, lambobi biyu suna iya zama ƙwaya ɗaya ta zahiri.

Ulimit shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Ulimit -t ba ya rage gudu, adadin daƙiƙun furosesa yake ƙirgawa, da sun cika a kashe aikin. Yana da amfani ga rubutun da kan shiga zagaye marar ƙarewa, amma ba don kwafin ajiya ba. Ulimit -m ba ya yin komai a Linux na yanzu. Ulimit -v yana ƙayyade filin adireshi ne, ba RAM na gaske ba, kuma manhajojin Java, Go da Chrome suna kama fili mai yawa da ba za su taɓa cikawa ba, sai su ƙi tashi ko su faɗi alhali RAM na nan a buɗe. Waɗanda suke da amfani kullum su ne -n na yawan fayilolin da ke buɗe, wanda galibi yake 1024, da -u na yawan ayyuka. A kula, abin da aka rubuta a /etc/security/limits.conf yana shafar wanda ya shiga da sunansa ne, ba ya taɓa hidimomin da systemd ke tayarwa. Su sai an sa LimitNOFILE= a fayil ɗinsu.

Cgroups ta hannun systemd

Nan ne maganar take: cgroups hanya ce ta kanel ta haɗa ayyuka rukuni rukuni a sa musu iyaka. Injiniyoyin Google ne suka fara aikin cgroups a 2006, ya shiga kanel 2.6.24 a 2008, kuma tsari na biyu shi ne ake samu kai tsaye a Debian 11, Ubuntu 22.04, RHEL 9 da na bayansu. Umarnin stat -fc %T /sys/fs/cgroup zai ce cgroup2fs in shi kake da shi. Bambancinsa da duk na baya shi ne rukuni yake kamawa, uwa da 'ya'ya da jikoki, babu mai zillewa, kuma kanel da kansa ke tsare iyakar.

Ɗauki saba mai ƙwaya 4 da RAM gigabait 8, tana ɗauke da MariaDB, da nginx da PHP-FPM masu tafiyar da shafin, da wata hidima mai karanta fasfo da Tesseract. Mai karanta fasfon ce ke tashin hankali. Ka rubuta sudo systemctl edit da sunan hidimar, ka zuba wannan:

[Service]
CPUWeight=20
MemoryHigh=1500M
MemoryMax=2G
TasksMax=64

Sannan ka sake tayar da hidimar. CPUWeight yana daga 1 zuwa 10000, kowa a 100 yake. Da 20, in ta yi takara da hidima ɗaya mai 100, kashi ɗaya cikin shida za ta samu, in babu takara ta ci duk abin da ke akwai. Wato aikin nice ne, amma a matakin da yake tasiri da gaske tsakanin hidimomi.

CPUQuota shi ne rufi mai ƙarfi, kuma ya kamata a fahimce shi da kyau kafin a sa. Kanel yana yanka lokaci zangon milisakan 100. CPUQuota=50% na nufin milisakan 50 a kowane zango, 200% kuma milisakan 200, daidai da ƙwaya biyu. To ga inda ake faɗawa rami. A ce injin yana da ƙwaya 8, manhajar tana da zare 8 masu aiki lokaci guda, ka ba ta 200%. Cikin milisakan 25 za ta cinye rabonta, sannan ta tsaya cik na milisakan 75. A top za ka ga kashi 200 lafiya lau, injin kuma da sauran ƙwayoyi a zaune, amma mai amfani da shafin yana ganin tsaiko a kowane danni. Shaidar tana cikin fayil ɗin cpu.stat na rukunin: idan nr_throttled da throttled_usec suna ta hawa, rufin ne ke shaƙe ta. Maganin shi ne a rage zaren manhajar su yi daidai da rabon, ko a yi amfani da AllowedCPUs=0-1, ko a rage zangon da CPUQuotaPeriodSec=10ms domin tsaikon ya zama gajere. Shi ya sa ba mu ba da shawarar sa CPUQuota a kan rumbun bayanai ko shafin da mutane ke jira. Wurinsa shi ne inda kake son rage zafi, ko kana raba saba ɗaya tsakanin abokan ciniki da suka biya kuɗi daban daban, ko kamfanin haya yana ƙorafin ka daɗe a kashi 100.

RAM labarinsa daban ne, domin furosesa ana iya jiran sa, RAM kuwa in ya ƙare sai wani ya mutu. Idan babu iyaka, kanel ne zai zaɓi wanda zai kashe, kuma ya fi karkata ga wanda ya fi girma, wanda a irin sabar nan galibi rumbun bayanai ne, ba mai laifin ba. MemoryMax yana tsare kisan a cikin rukunin mai laifi. MemoryHigh kuwa ba ya kisa, yana matsa wa rukunin lamba ne ya saki abin da zai iya saki, yana rage masa gudu. Ka bar tazara tsakaninsu kamar yadda ke a misalin. Amma idan babu swap, wato filin faifan da ake kwashe RAM zuwa cikinsa, kuma manhajar tana zubar da RAM ba ta mayarwa, MemoryHigh yana iya riƙe ta a wani hali na ba ta mutu ba ba ta yi rai ba, tana jan ƙafa tsawon lokaci. Ga irin wannan gara MemoryMax kaɗai tare da Restart=on-failure, ta faɗi ta tashi sabuwa. Fayil ɗin memory.events yana ƙirga sau nawa aka taɓa high da sau nawa aka yi oom_kill. Sannan ka ba rumbun bayanan kariya da OOMScoreAdjust=-500 a nasa fayil ɗin.

Kwafin dare kuma, idan cron, mai tayar da ayyuka a kan lokacin da aka sa, ke tayar da shi, to a rukunin cron yake zaune tare da duk sauran ayyukan cron, iyakar da ka sa a can ta hau kan kowa. Ka naɗe shi shi kaɗai:

systemd-run --scope -p CPUWeight=10 -p MemoryMax=1G /usr/local/bin/kwafi.sh

Idan faifai ne matsalar, IOReadBandwidthMax= da IOWriteBandwidthMax= suna aiki da kowane mai tsara layi, IOWeight kuwa, kamar ionice, yana son bfq. Da systemd-cgtop za ka ga kowane rukuni da abin da yake ci.

Masu Docker, mai gudanar da manhajoji cikin kwantena, su sani cewa cgroups ɗin nan ne dai a ƙarƙashi. --cpus=1.5 shi ne CPUQuota, da duk matsalar tsaikonsa, --cpu-shares shi ne nauyi, --memory=512m shi ne rufin RAM. In ba ka sa --memory-swap ba, kwantenar tana da damar cin swap daidai da adadin RAM ɗin da ka ba ta. Kwantenar da ta fita da lamba 137 an kashe ta ne da ƙarfi, kuma sau da yawa rufin RAM ne sanadi.

Idan Windows ce a ofis

Yawancin kwamfutocin tebur a shagunan buga takardu da ofisoshin biza Windows ce, kuma zaɓi a can ya fi ƙaranci. A Task Manager, shafin Details, kana iya sauke fifikon manhaja zuwa Below normal ko Low, ko ka zaɓar mata ƙwayoyi da Set affinity. Da ka rufe manhajar saitin ya tafi. Don ya dawwama sai ka tayar da ita da gajeriyar hanya mai ɗauke da cmd /c start "" /low /affinity 3 da sunan manhajar. Lambar ta tsarin goma sha shida ce: 3 na nufin ƙwaya ta farko da ta biyu, C ta uku da ta huɗu, F duka huɗun farko. Kada ka taɓa ba wata manhaja Realtime, tana iya hana linzami da allon rubutu motsi. Windows 11 tana da Efficiency mode da ke sauke fifiko da danni ɗaya. Rufi mai ƙarfi na furosesa da RAM yana nan ta hanyar Job Objects, na furosesan tun Windows 8, sai dai babu maɓallinsa a fili, sai ta wata manhaja ko rubutu. A cikin irin waɗannan manhajojin, Process Lasso yana tuna saiti bayan an kashe an kunna, BES kuwa salon cpulimit yake bi na daskarewa da farkarwa, da irin haɗarinsa. In binciken Defender, manhajar tsaro ta Windows, ne ke danne injin, a PowerShell mai ikon shugaba ka rubuta Set-MpPreference -ScanAvgCPULoadFactor 20, domin asalin saitin 50 ne.

Zafi batu ne mai zaman kansa a ƙasar nan ta Saudiyya. Kwamfutar da aka bari a kunne cikin shago an kashe na'urar sanyaya ɗaki a watan Yuli, ga ƙura ta toshe fanka, furosesanta zai rage gudun kansa in ya doshi digiri 100. Nice ba zai taimaka ba ko kaɗan. Abin da ke aiki shi ne rage gudun injin gaba ɗaya: a Windows ka mayar da Maximum processor state zuwa 99 cikin saitin wuta, wanda a injina da yawa yake kashe Turbo Boost, a Linux mai furosesan Intel kuma ka rubuta 1 a /sys/devices/system/cpu/intel_pstate/no_turbo. Ka busa ƙurar tukuna.

To wanne za ka ɗauka?

Kafin duk waɗannan, ka duba ko manhajar tana da nata burkin, domin shi ne mafi laushi. Tesseract yana jin OMP_THREAD_LIMIT=1, ffmpeg yana da -threads, rsync yana da --bwlimit, xz yana da -T. A PHP-FPM, pm.max_children ne ke yanke yawan RAM: in kowane ma'aikaci yana cin megabait 60 kuma ka ware gigabait 3, kada ka wuce 50. A MariaDB innodb_buffer_pool_size ne babban mai ci, kuma asalinsa megabait 128. Manhajar da ta san iyakarta tana tsara kanta, wadda aka ɗaure daga waje kuwa karo take yi da bango. Iyakar waje tana zuwa ne a matsayin shinge na biyu, kuma dole ta ɗan fi ta ciki girma, in ba haka ba kai da kanka ka shirya kisan.

Daga nan, umarni na lokaci ɗaya a kwamfutarka nice -n 19 ya ishe shi. Aikin da ya riga ya tashi yana ƙona injin, ka gwada renice, in zafi ne damuwar ka sa cpulimit kana tsaye a kansa. Duk abin da zai zauna a saba, systemd: CPUWeight ƙasa ga ayyukan bayan fage, MemoryMax ga duk wanda ba ka amince da shi ba, CPUQuota sai da dalili. Adadin kuma kada ka ƙaga shi da ka. Ka bar hidimar ta yi mako guda kana duba systemctl status ko memory.peak a kanel 5.19 zuwa sama, ka ɗauki mafi girman abin da ta ci a ranar da aiki ya fi yawa, ka ƙara kamar kashi 30 a kai. Ma'aunin da aka ɗauka a Muharram ba zai ɗauki nauyin goman ƙarshe na Ramadan ko makonnin kafin Arfa ba, don haka ka sake aunawa tun a Sha'aban, ka kuma matsar da kwafin ajiya zuwa bayan asuba, lokacin da ofis yake a rufe da gaske.